Simintin Aro

Baffa ne ke riƙe da makullan sito tun lokacin da kamfanin bai wuce baro biyu da tsohuwar akori-kura ba. Ƙanen mai kamfanin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da yake 'ya'yan wansa Baffa suke ce masa, sai leburori suka ɗauka, direbobi suka ɗauka, har masu sayar da rodi. Bai taɓa sayar da ƙusa ɗaya ta kamfani ya sa a aljihu ba, wannan kowa ya shaida. Amma yana da saurin ba da aro, kuma da kayan wani yake bayarwa. Wannan aibi ne, ko da mutane suna yabonsa a kai.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da mai kamfanin a gida, babbar 'yarsa ta karɓi aiki. Injiniya ce, haka kuma kowa ke kiranta. Abin da ta fara taɓawa shi ne sayen kaya. A da, in siminti ya yi ƙasa, Baffa ne zai leƙa sito, ya kira diloli ɗaya bayan ɗaya, a gaisa, a tambayi iyali, a yi ciniki, mota ta zo ranar da ta ga dama. Injiniya ta kawo manhaja. Duk buhun da ya shiga sito a shigar da shi a waya, duk wanda ya fita a cire shi a faɗi aikin da ya tafi. Manhajar tana riƙe da tsarin ginin gaba ɗaya, ta san ranar ɗaurin rodi da ranar zuba kankare. In ta ga abin da ke sito ba zai kai ba, ita da kanta take aika wa diloli, ta gwada farashi, ta zaɓi wanda zai kawo da wuri. Injiniya ta danna amincewa, shi ke nan. Leburori suka sa mata suna Ba-Barci.

An yi maganar a ɗakin mai kamfanin. Yana zaune a kujerar roba, ƙafarsa ɗaya a kan matashi, ga teburi a gefensa da kwalaben magani da rediyon da ba ya kashewa.

"Baba, ni ba korar Baffa na zo yi ba," in ji Injiniya. "Amma duk lokacin da na ƙirga sito, abin da ke ciki daban, abin da aka saya daban. Ba-Barci ba ta gani da ido. Abin da aka gaya mata shi ta sani."

"To ka ji," in ji mai kamfanin, ya dubi ƙanensa. "Benen nan na ɗakunan kwanan ɗalibai shi ne gwaji. In aiki ya tsaya saboda sito, makullai su dawo kan teburin nan."

"Yaya, yaushe aiki ya taɓa tsayawa a hannuna?"

"Bai taɓa ba. Shi ya sa ban ji nauyin faɗa ba."

Benen yana sabuwar unguwa, a kan titin da ba a sa wa kwalta ba tukuna. Gine-gine ne jere a kan titin, kowanne da mai shi, kowanne da mai sitonsa. Masu aikin wurin suna da hanyarsu ta zama da juna. In katako ya yanke wa wani, sai ya tsallaka ya karɓa a maƙwabta. In motar simintin wani ta makara, ya aiko da baro. Ba a rubutawa, ba a sa rana. In nasa ya zo zai mayar, yawanci yana mayarwa. A kan titin nan babu wanda ake zuwa wurinsa kamar Baffa, don sitonsa ya fi na kowa girma, kuma bai iya cewa babu ba. Yana da benci a ƙofar sito, benci kuwa ba ya rabuwa da baƙi.

A makon farko ya yi ƙoƙari. Mai kula da ginin da ke kallon nasu, wanda ake kira Mai Jar Hula saboda hular kwanonsa, ya zo aron siminti. Baffa ya ba shi, ya cire a waya. Ba-Barci ta ga siminti ya yi ƙasa, ta yi aikinta. Washegari sai ga mota shaƙe da buhuna a bakin ƙofa, babu wurin saukewa.

"Baffa, wane aiki ya ci siminti haka?" in ji Injiniya.

"Ba ci aka yi ba, aro na bayar. Na cire kamar yadda kika ce."

"A wane aiki ka sa shi?"

"Babu wurin aro a cikin abin naki. Na sa a katanga."

"Katangar da aka gama har an yi mata fenti?"

"To ina zan sa, 'yata?"

"Kayan kamfani ba na aro ba ne, Baffa. A daina."

Ya ce to. Amma darasin da ya ɗauka ba shi ne wanda aka koya masa ba. Bai daina bayarwa ba, gaya wa Ba-Barci ya daina. A ganinsa abin da zai dawo bai fita ba, ya je unguwa ne kawai.

Haka aka tafi har aka zo dekin, wato rufin kankare da hawa na biyu zai zauna a kai. Kafintoci sun gama katako, masu rodi sun ɗaure, an gudu da bututun wayar wuta. Dekin ba ya son a tsaya masa. In aka zuba rabi ya kama sannan aka kawo sabo, ba sa haɗuwa, layin nan zai zama tsaga, ruwa ya bi ya ci rodi. A ƙarƙashinsa kuma 'ya'yan mutane za su kwana. Injiniya ta faɗa tun farko, in aka tsaya a tsakiya fasawa za ta sa a yi.

A lokacin kusan rabin simintin sito yana waje. Mafi yawa yana wurin Mai Jar Hula, wanda ya ce motarsa na hanya. Wani yana wurin mai buga bulo, wani wurin masu gina kwalbati a ƙarshen titi. A waya kuwa komai yana nan cif.

Ana gobe za a zuba, Injiniya ta tsaya a tsakar filin tana duba wayarta.

"Ba-Barci ta ce simintinmu ya isa har da saura. Haka ne, Baffa?"

"In Allah ya so," in ji shi.

Adadi aka tambaye shi, ya kawo sunan Allah ya ajiye a wurin. Mutane da yawa suna yin haka, kuma sun san abin da suke yi. Ita ma tana da nata. Sito yana 'yan taku daga inda take tsaye, ƙofarsa a buɗe, ba ta leƙa ba. Ta ga jerin buhuna na gaba ya kai rufi, ta yarda da allon waya, ta shiga mota.

Da safe injin kwaɓa kankare ya tashi. Leburori suka yi layi da kwanonin sarki a ka, suna hawa ta katako suna sauka ta wani. Yashi da tsakuwa sun isa, ruwa yana tanki. Baffa ya kira Mai Jar Hula.

"Motar fa?"

"Tana hanya, Baffa."

"Tun wancan makon take hanya. Da ƙafa take zuwa?"

"Yau dai, in sha Allahu."

Ya kashe wayar ya zauna a benci. Har a lokacin da zai iya hawa ya faɗa, a dakata kafin a yi nisa. Kunya ta hana shi. Jerin buhuna na gaba ya tafi, na biyu ya tafi. Babban birkila ya sauko shan ruwa, ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallo.

"Baffa, bayan ɗakin nan ya yi haske."

"Kai dai je ka yi aikinka."

"Aikin nawa ne nake kallo. Wannan ba zai kai mu bakin matakala ba. Ka gaya mata ko in gaya mata?"

"Ni zan hau."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rana ta kusa tsaka ya hau katakon, yana dafa gwiwa. Injiniya tana tsaye a kan rodi da takalmin roba, tana nuna wa mai girgiza kankare kusurwar da ya tsallake. An zuba kamar rabi.

"'Yata, siminti ba zai kai ba."

Ta duba waya, ta dube shi.

"A nan akwai."

"A nan ne kawai yake."

"Ina ya tafi?"

"Yana wurin mutane."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara adadin da hannunta, Ba-Barci ta aika wa diloli nan take. Amsa ta dawo, mafi sauri gobe da safe. Ta kira babban dilansu da kanta.

"Ranki ya daɗe, kuɗinki mai kyau ne, amma motocin duk sun fita," in ji dilan. "Mu ma yanzu na'ura ke raba mana su tun da sassafe. Da jiya kika faɗa."

Ta kira babban birkila. "Bakin kankaren nan zai jira mu har yaushe?"

"In muka rage gudu, muna lasa masa sabo kaɗan-kaɗan, zai kai rana ta fara karkata. Bayan nan ko me kika zuba baƙo ne."

"Rage gudun. Kada injin ya mutu." Ta juya ga baffanta. "In ya mutu, ka san abin da Baba ya ce."

"Na sani. Ba ni akori-kura da mutum huɗu."

Ya samu Mai Jar Hula zaune a kan bulo yana shan shayi. Da ya hango shi ya ajiye kofin.

"Baffa, ka gan ni ka ga kunya."

"Kunyarka ba ta kwaɓuwa da yashi. Nawa ya rage maka?"

"Bai fi na shafen ɗaki ɗaya ba."

"A ɗora. Kai kuma tashi, yau bakinka zan ara tunda shi kaɗai gare ka."

Suka bi titin gini-gini, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Baffa bai yi wa kowa gori ba, tsayawa kawai yake yi a ƙofa ya ce dekinsa yana buɗe. Duk wanda ya taɓa zuba kankare ya san ma'anar wannan. Mai buga bulo ya kashe injinsa ya ba da abin da ke gare shi. Masu kwalbati suka ce aikinsu zai iya kwana. Wani mai sito da Baffa ya taɓa ara wa katako wata guda ya buɗe ƙofarsa ya ce a kwashe. A babban ginin da ke kusa da kwana ne aka hana su.

"Ka yi haƙuri, Baffa," in ji mai siton wurin. "Irin manhajarku ta zo mana. Buhu ɗaya ya fita, waya za ta yi ƙara a ofis. Ina da yara."

"Ka yi daidai," in ji Baffa, ya wuce.

Siminti ya fara shigowa, wani a akori-kura, wani a baro, wani a kafaɗa. Injiniya ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa. Duk buhun da ya zo sai ta duba ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, ta danna shi da hannu. Wanda ya sha iska ya yi gudaji ta ce a ajiye gefe.

"Haba Injiniya, kyauta ma sai an duba haƙoranta?" in ji Mai Jar Hula.

"Wannan ba kyauta ba ce, rufin ɗakin kwana ne. Mayar da waɗannan biyun."

Tana ɗaukar hoton kowane kaya da wanda ya kawo shi. Sau ɗaya injin ya kwaɓe buhun ƙarshe da ke gabansa, mai injin ya bar shi yana juyawa da ruwa da tsakuwa, yana kallon ƙofa, har baro ya shigo. Babban birkila yana sama yana taka bakin kankaren da takalmi don ya ji ko yana nan da rai. Rana ta yi ja kafin a kai kusurwar ƙarshe. Aka ja katakon gyara, aka shafe, injin ya yi shiru.

Leburori suna wanke kwanoni suna cewa Baffa ya ceci dekin. Haka mutane suke. Wanda ya sa wuta, in ya zo da bokitin ruwa a guje, shi ake tafa wa. Baffa dai ya kulle sito, ya wanke ƙafafunsa a bakin tanki, ya shiga motar 'yar wansa ba tare da an ce masa ya shiga ba.

Sun samu mai kamfanin inda suka saba samunsa. Ya rage rediyo. Baffa ya ciro makullan ya ajiye a kan teburi tsakanin kwalaben magani, ya zauna a ƙasa kamar yadda yake zama gaban wansa tun suna yara.

"Na ji labari," in ji mai kamfanin. "Direba ya riga ku. Aiki ya tsaya?"

Injiniya ce ta amsa.

"Bai tsaya ba, Baba. Injin bai mutu ba."

"Dekin fa?"

"Lafiyarsa lau. Na bi bakin da kaina."

"To mene ne wannan a kan teburina?"

"Yaya, yarinyar nan ta tambaye ni jiya, ban gaya mata gaskiya ba," in ji Baffa.

"Ka gaya mata ƙarya, haka ake faɗa. Kai kana can kana sayen suna da simintina, ana Baffa mai kirki, Baffa ba ya hanawa. Da dekin nan ya tsage, sunanka za a liƙa a tsagar?" Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma an ce ƙofar sito a buɗe take."

"A buɗe take. Ban leƙa ba."

"Na biya miki makaranta don ki duba waya?"

Injiniya ta ciro wayar ta ɗora a gwiwa.

"Akwai wani abu, Baba. Simintin mutanen nan da ya shigo yau, na nemi inda zan shigar da shi. Ba saye ba ne, ba daga dila ya zo ba. Gobe mota za ta zo, sai an mayar wa kowa nasa, shi ma babu inda zan sa fitarsa."

"To ina kika sa?" in ji Baffa.

"A katanga."

Mai kamfanin ya yi dariya har tari ya kama shi. Baffa ya miƙa masa ruwa.

"Zan sa a buɗe wurin aro," in ji Injiniya. "Sunan mai karɓa, abin da ya karɓa, ranar da zai mayar. Ba ya fita ƙofa sai na amince. Ba-Barci ta san yana waje, in ranar ta wuce ta saya mana wani. In Baffa ya yarda da haka, ni ban ce a karɓi makullai ba."

"Ka ji sharaɗi," in ji mai kamfanin. "In ba za ka iya ba, bar su a nan, ba wanda zai zage ka."

Baffa ya dubi makullan. Ya sa hannu ya ɗauka.

Washegari mota ta zo, aka mayar wa kowa nasa, ban da na Mai Jar Hula, wanda aka cire daga abin da ake binsa. Motarsa ita ma ta iso daga baya, ya biya sauran. Aka buɗe wurin aro a manhaja, aka koya wa Baffa, ya iya.

Bayan an cire katakon dekin, Mai Jar Hula ya tsallako da safe, ya zauna a benci, suka gaisa.

"Baffa, katako nake so kaɗan. Kafintana ya yi kuskuren awo."

"Akwai." Baffa ya ciro waya, ya sa tabarau. "Faɗa mini sunanka na gaskiya. Ba ta karɓar Mai Jar Hula."

"Suna kuma? A kan katako?"

"Da ranar da za ka mayar. Sai Injiniya ta amince, ba ta daɗewa."

"Shekara nawa muna tare a titin nan?"

"Na sani. Faɗi sunan."

Mai Jar Hula ya dubi wayar, ya dubi katakon da ke jingine a bango. Ya miƙe ya karkaɗe wando.

"Bar shi, Baffa. Zan aika kasuwa."

Magana ta bi titi. Ba wanda aka hana, amma mutum ya fi son ya roƙa a manta da ya roƙa a rubuta. Mai buga bulo ya zo sau ɗaya, ya ba da suna, ya mayar a ranar da ya ce, bai sake zuwa ba. Sauran suna ɗaga hannu daga nesa su wuce.

Benen ya ci gaba da tashi. Injiniya takan shiga sito yanzu duk ranar da ta zo, ta ƙirga jeri har bango, adadinta da na Ba-Barci su zo ɗaya. Siminti bai sake yankewa ba. Da aka zo dekin na biyu an gama shi kafin rana ta karkata, har da saura. Baffa ya kulle sito, ya rataya makullan a ƙugu, ya zauna a bencinsa shi kaɗai har motar ma'aikata ta zo.